Abin da ke sa firintar gida yawan katsewa daga Wi-Fi da yadda ake magance shi

Firinta mai aiki da Wi-Fi ta shiga gidaje da shaguna da ƙananan ofisoshi da dama a biranen ƙasar nan, saboda tana ba mutum damar tura takarda daga wayarsa ko kwamfutarsa ba tare da ya ja kebul ba. Sai dai kukan da masu ita suka fi yi kusan iri ɗaya ne: jiya ta buga lafiya lau, yau an tura mata aiki ta yi gum, kwamfuta kuma tana nuna kalmar "Offline", alhali ga firintar nan a kunne, da takarda da tawada a cikinta.

Ga ɗan kasuwar da abokin ciniki ke tsaye a kansa yana jiran rasit, ko ma'aikacin da zai miƙa wasiƙa da sassafe, ko uban da ke son fitar wa 'yarsa takardar shiga jarrabawar JAMB a daren jajibiri, wannan matsala ce mai cin lokaci da kuɗi. Da yawa kan yanke hukuncin cewa firintar ta mutu, su kai ta wurin mai gyara ko su sayi sabuwa, ita ma bayan mako biyu ta tsiri irin wannan hali. Hakan na faruwa ne domin a mafi yawan lokuta laifin yana wajen na'urar da ke rarraba intanet a gidan, ko wajen wutar lantarki, ko a saitin kwamfuta.

Yadda saƙo ke isa ga firinta

Idan mutum ya danna umarnin bugawa, takardar ba ta tsallakawa kai-tsaye daga waya zuwa firinta. Sai ta bi ta na'urar rarraba intanet, wadda ake kira rauta, ko ƙaramar MiFi, ita ce ke karɓa ta miƙa. Ke nan na'urori uku ne a cikin hidimar, kuma dole mai turawa da firintar su kasance a kan rauta guda.

Akwai wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙarewar data ba ta hana bugawa a cikin gida, domin rauta na ci gaba da haɗa na'urorin da ke jikinta ko da ba ta da intanet. Sai fa idan ana tura aikin ta wata manhaja da ke bi ta intanet, ko kuma firintar tana cikin tsarin da kamfaninta ya shardanta mata kasancewa a kan intanet, kamar tsarin HP+. Saboda haka sayen sabuwar data ba kasafai yake warware komai ba.

Kafin a taɓa kowane saiti, ya kamata a tantance wace igiya ce ta tsinke: tsakanin firinta da rauta, ko tsakanin kwamfuta da firinta. Kusan kowace firinta mai Wi-Fi tana iya fitar da shafin rahoton sadarwarta, ko daga allonta, ko ta danna wasu madannai da littafinta ya bayyana. A shafin za a ga sunan Wi-Fi ɗin da take kai, da ƙarfin siginar da take samu, da lambar adireshinta, wato adireshin IP. A firintocin HP da yawa, shuɗiyar fitilar Wi-Fi ma tana ba da labari: idan ta tsaya cak an haɗu, idan tana ƙiftawa ba a haɗu ba.

Adireshin shi ne abin dubawa na farko. Lafiyayyen adireshi a gida galibi yana farawa da 192.168, misali 192.168.0.105 ko 192.168.8.102. Idan aka ga ya fara da 169.254, ko kuma sifili ne zalla, to firintar ba ta samu adireshi daga rauta ba, matsalar tana tsakaninsu. Idan kuwa adireshin lafiyayye ne, sai a rubuta shi a manhajar shiga intanet ta waya ko kwamfuta, a gurbin da ake rubuta adireshin shafi. Mafi yawan firintoci suna da shafin kansu da ke buɗewa ta wannan hanya. In ya buɗe, firinta da rauta ba su da laifi, sai a koma kan kwamfuta.

Ɗauke wuta da sauyin adireshi

A ƙasar da ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, wannan shi ne babban musabbabi, kuma shi ne littattafan da ke zuwa da firintoci ba su cika yin bayani a kansa ba, domin an rubuta su ne da tunanin gidan da wuta ba ta yankewa.

Rauta ce ke raba wa na'urori adireshi, ta hanyar wani tsari da ake kira DHCP. Aro take bayarwa na ɗan lokaci, sau da yawa na awa 24, sannan a sabunta. Idan aka ɗauke wuta rautar ta mutu, wasu rautoci kan manta wa suka ba wace lamba. Da wuta ta dawo, duk wanda ya riga zuwa shi ke karɓar lambar farko. Wayar maigida ko talabijin na iya ɗauke lambar da firinta ke riƙe da ita jiya, ita kuma a ba ta wata. Kwamfuta tana nan tana ƙwanƙwasa tsohuwar ƙofa, ba ta samu amsa ba, sai ta rubuta "Offline". Kamar mai shago ne a Kantin Kwari da aka sauya masa lambar rumfa cikin dare: yana nan a kasuwar, amma mai nemansa da tsohuwar lamba ba zai same shi ba.

Akwai kuma batun wa ya riga wa tashi. Firinta takan farka cikin daƙiƙoƙi, ita kuwa rauta, musamman mai amfani da layin waya na 4G ko 5G, tana ɗaukar minti ɗaya ko biyu kafin ta daidaita. Firintar sai ta nemi Wi-Fi ta rasa, wasu kuma ba sa sake nema yadda ya kamata sai an kashe su an kunna. A gidan da ake juyawa daga wutar gwamnati zuwa janareto, daga janareto zuwa inbata, wannan tsere na iya faruwa sau biyar ko shida a rana.

Maganin gaggawa shi ne a kashe duka, a kunna rauta ita kaɗai, a jira fitilunta su tsaya, sannan a kunna firinta, daga ƙarshe kwamfuta. Amma wannan magani ne na yini guda. Mai ɗorewa shi ne a keɓe wa firinta adireshin da ba ya canzawa.

Hanya mafi tsafta ita ce ta cikin rauta. Ana shiga shafin saitinta ta rubuta adireshinta a manhajar intanet, galibi 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, na'urorin Huawei da yawa kuma 192.168.8.1, kuma ana samunsa rubuce a jikin takardar da ke manne a ƙasan rautar tare da kalmar sirrin shiga. A sashen DHCP akwai gurbin keɓe adireshi. Nan ake shigar da lambar shaidar firintar, wadda ake kira adireshin MAC, mai haruffa da lambobi 12, ita ma tana cikin shafin rahoton da aka fitar, sannan a ɗaura mata adireshi guda. Daga ranar, ko sau nawa aka ɗauke wuta, lambar nan tata ce.

Ba kowace MiFi ke da wannan gurbi ba. Idan babu, sai a sa adireshin da hannu a cikin firintar kanta, ta allonta ko ta shafinta. A nan akwai buƙatar kula: a zaɓi lambar da ke wajen jerin da rauta ke rabawa, ko can ƙarshen jerin inda da wuya a kai, misali 192.168.0.250, domin kada wata rana na'urori biyu su haɗu a lamba ɗaya. Rukuni uku na farkon lambar dole su yi daidai da na rautar. Illar wannan hanya ita ce idan aka sauya rauta zuwa mai amfani da wani jerin, sai an koma an gyara da hannu, kuma mutane kan manta sun taɓa yin saitin. Yana da kyau a rubuta lambar a 'yar takarda a manna a jikin firintar.

Wanda ke da hali ya sa rautar a kan ƙaramin batirin ajiya, irin wanda ake sayarwa musamman domin rauta, ko a kan UPS, ta yadda ba za ta riƙa mutuwa a duk juyin wuta ba. Rauta ba ta cin wuta sosai. Amma kada a haɗa firinta mai aiki da hoda, wato ta leza, a kan ƙaramin UPS. Irin wannan firinta na jan ɗaruruwan wat a lokacin da take ɗumama abin da ke gasa hoda a kan takarda, kuma a kan ƙaramin janareto ko inbata wannan ja na iya rage ƙarfin wuta har rautar ta mutu ta sake tashi. Idan an lura haɗin na yankewa daidai lokacin da firintar ta soma gurnani za ta ja takarda, to nan ya kamata a duba. Firinta mai ruwan tawada ba ta da wannan matsala, cin wutarta kaɗan ne.

Zango biyu, suna ɗaya

Masu sauraron rediyo sun san tashar da ke gajeren zango ba ta kamuwa a rediyon da ke da FM kaɗai. Haka Wi-Fi yake. Rautocin zamani suna watsawa a zango biyu, na 2.4 GHz da na 5 GHz. Na 5 ya fi sauri amma ba ya nisa kuma bango na tare shi; na 2.4 ya fi jinkiri amma ya fi ratsa gini. Akasarin firintocin gida, musamman tsofaffi da masu sauƙin kuɗi, zangon 2.4 kaɗai suke ji.

Rikicin na zuwa ne idan rauta ta haɗe zangunan biyu a ƙarƙashin suna ɗaya, tana zaɓar wa kowace na'ura inda za ta zauna. Wayoyi na jin daɗin wannan tsari, wasu firintoci kuwa yana ruɗa su, ko dai su kasa haɗuwa tun farko, ko su riƙa faɗuwa. Abin yi shi ne a shiga saitin rautar a kashe haɗewar, wadda wasu kamfanoni ke wa laƙabi da "Smart Connect", a ba kowane zango sunansa, a ɗora firinta a kan na 2.4. Kwamfutar da ke kan na 5 za ta ci gaba da ganin firintar, tunda rauta ɗaya ce.

A cikin zangon 2.4 ɗin ma akwai layuka. A mafi yawan ƙasashe 13 ne, a Amurka kuwa 11 ake amfani da su. Wannan ya shafi masu sayen firinta ta hannu da aka shigo da ita daga can: idan rauta ta zaɓi layi na 12 ko na 13 da kanta, firintar na iya daina ganin Wi-Fi ɗin kwata-kwata, sannan bayan an ɗauke wuta an dawo, rautar ta koma wani layin, firintar ta sake gani. Mai ita sai ya ɗauka tana da aljanu. (Irin waɗannan firintoci na Amurka, in na leza ne, galibi na wuta mai ƙarfin 110 zuwa 127 ne, ta Najeriya kuwa 230 ce, don haka a duba bayanta kafin a jona.)

Layuka uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11. A gidan haya mai ɗakuna da yawa, ko filaza mai shaguna a jere kamar waɗanda ke Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja, inda kowa ke da tasa rautar, cunkoso a wannan zango ba ƙarami ba ne. Ana cire saitin layi daga zaɓin kai-da-kai a tsayar da shi a ɗaya daga cikin ukun, a kuma bar faɗinsa a 20 MHz. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke nuna layin da maƙwabta suka fi cika. Wanda ba ya son wannan wahala zai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya, kwana biyu-biyu.

Wurin da aka ajiye ta

Eriyar da ke cikin firinta ƙarama ce, ba ta kai ta waya ƙarfi ba. Don waya na nuna sigina a cike a wani ɗaki, hakan bai tabbatar da cewa firinta ma na samu ba. Bangon bulo da siminti, da dakin na bene, da ƙofar ƙarfe, da firiji, da babban madubi, da tankin ruwa, duk suna rage sigina. Firintar da aka cusa a ƙarƙashin tebur ko cikin kabad ɗin ƙarfe ta riga ta shiga matsala. Na'urar ɗumama abinci ta maikirowef ma a kusa da wannan zango take aiki, tana iya katse haɗi na tsawon lokacin da take kunne.

Idan rahoton firintar ya ba da ƙarfin sigina da lambar dBm, abin da ke kusa da -50 mai kyau ne, daga -70 zuwa ƙasa kuma rauni ne. Gwaji mafi sauƙi shi ne a kawo firintar ɗakin da rauta take, tazarar mita biyu ko uku, ta kwana biyu a nan. In ta daina katsewa, an gano bakin zaren.

Rautar ita ma a ɗaga ta sama, a fili. Ajiye ta a bakin taga don ta kama sabis ya sa da yawa suna shan rana, kuma a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Kano, rautar da ta yi zafi takan daskare ko ta sake tashi da kanta.

Barci, da halin MiFi

Firintoci na da tsarin barci domin rage cin wuta, kuma a wasu samfurori, idan barcin ya yi nauyi, Wi-Fi na tafiya tare da shi. Alamar ita ce firintar na aiki da zarar an taɓa madanninta, amma bayan ta jima a zaune sai a neme ta a rasa. Akwai kuma tsarin kashe kai gaba ɗaya bayan wasu awanni. A saitin wuta na firintar ake tsawaita lokacin barcin ko a kashe tsarin kashe kan.

MiFi ma tana barci. An ƙera ta ne ta tattala batiri, don haka idan ta ga babu mai amfani da ita sai ta rufe Wi-Fi. Tana kuma da iyakar na'urorin da take ɗauka, wasu kimanin 10, wasu fiye da haka. A gidan da yara da baƙi da maƙwabta duk sun san kalmar sirri, gurbi na iya cikewa kafin firinta ta farka. Sannan ga abin da ya fi kowanne sauƙi kuma ake mantawa: maigida ya sa MiFi a aljihu ya tafi ofis, ya bar firinta ba ta da abin kamawa. Haka abin yake ga mai raba intanet daga wayarsa. Wayar kan rufe rabon idan ba a amfani da shi, wasu wayoyin kuma a zangon 5 suke rabawa sai an canza. A iPhone 12 da waɗanda suka biyo baya, kunna zaɓin "Maximize Compatibility" ne ke mayar da shi zangon 2.4.

Ga wanda bugawa ke cikin sana'arsa, dogaro da MiFi ko wayar hannu rashin dabara ne. Rauta mai zama wuri ɗaya, ko da mai araha ce, ta fi.

Sabuwar rauta, sabuwar kalmar sirri

Firinta na riƙe suna da kalmar sirrin Wi-Fi ɗin da aka fara haɗa ta da shi. Idan aka sauya kamfanin sadarwa, ko aka canza kalmar sirri saboda maƙwabta, sai an sake sanar da ita. Akwai gajeriyar hanya: a ba sabuwar rauta suna da kalmar sirri irin na tsohuwar sak, har da bambancin manya da ƙananan haruffa, duk na'urorin gidan za su haɗu da kansu.

Nau'in tsaron da rauta ke amfani da shi ma na da tasiri. WPA2 ya fito tun 2004 kuma kusan kowace firinta ta san shi. WPA3 kuwa a 2018 aka fito da shi, tsofaffin firintoci ba su fahimtarsa, wasu ma ko an saita rautar ta karɓi duka biyun sai sun yi gardama. Mayar da zangon 2.4 kan WPA2 mai AES yakan warware wannan. Abin da bai kamata ba shi ne a cire kalmar sirri baki ɗaya ko a koma tsohon tsarin WEP, wanda an daɗe da gano yadda ake fasa shi.

Ga firintar da ba ta da allo, madannin WPS ne hanya mafi sauƙi: a danna na firinta, a danna na rauta cikin minti biyu. WPS ba ya aiki a rautar da aka tsayar kan WPA3 kaɗai.

Sai kuma Wi-Fi na baƙi. Rautoci da yawa na ba da damar buɗe suna na biyu domin baƙi, kuma da gangan aka tsara shi yadda na'urorin da ke kansa ba sa ganin juna ko na cikin gida. Idan firinta ko waya ta faɗa kansa, kowacce za ta nuna tana haɗe, amma ba za su taɓa gaisawa ba. Wasu rautocin na da makamancin wannan saiti na raba na'urori har a babban Wi-Fi ɗin, sunansa yakan ƙunshi kalmar "Isolation". A kashe shi.

Idan laifin na kwamfuta ne

Idan waya na bugawa amma kwamfuta ta ƙi, an taƙaita bincike. A Windows, abin farko shi ne a duba jerin firintoci. Duk lokacin da aka sake girka firinta, Windows kan ƙara wata mai suna iri ɗaya da "Copy 1" ko "Copy 2" a gaba, mutum ya yi ta tura aiki ga wadda ta mutu. A goge duka a girka guda ɗaya.

Wajen girkawar, ya fi kyau a zaɓi ƙara firinta ta adireshin IP, a rubuta lambar nan da aka keɓe mata. Idan aka bar Windows ta nemo da kanta, takan yi amfani da wata hanya da ake kira WSD, wadda ke da sauƙin farawa amma ta yi ƙaurin suna wajen ɓatar da firinta bayan an kashe an kunna. Wanda ya girka ta adireshi kuma har yanzu yana ganin "Offline" alhali shafin firintar na buɗewa, ya shiga saitin ƙofar firintar ya cire alamar da ke gaban "SNMP Status Enabled". Wannan tambaya ce da Windows ke yi wa firinta game da lafiyarta, idan ba ta amsa ba sai ta ɗauka ba ta nan.

Aikin da ya maƙale a layi na iya tare duk na bayansa. Idan gogewa ta ƙi, sai a buɗe services.msc, a tsayar da Print Spooler, a share abin da ke cikin jakar C:\Windows\System32\spool\PRINTERS, a sake tayar da shi.

Abubuwa biyu sun fi shafar ma'aikata. Na farko, Windows na tambayar ko Wi-Fi na gida ne ko na bainar jama'a. Idan aka zaɓi na jama'a takan rufe ganin sauran na'urori. Na biyu shi ne VPN. Kwamfutar ofis da ke shiga ma'ajiyar ma'aikata ta VPN sau da yawa ba ta ganin firintar gida har sai an kashe shi. Wayoyi ma haka, kuma 'yan Najeriya da dama sun sauke irin waɗannan manhajoji a lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wasu har yau suna nan a wayoyinsu suna kunna kansu.

A ɓangaren waya, iPhone na amfani da AirPrint, wanda Apple ya fito da shi a 2010, Android kuma na da nasa tsarin bugawa ko manhajar Mopria, ban da manhajojin kamfanoni irin su ta HP da Canon PRINT da Epson Smart Panel. Wanda ke bin tsohon bayanin da ya ce a yi amfani da Google Cloud Print yana ɓata lokacinsa, an rufe shi tun ƙarshen 2020.

Sabunta manhajar cikin firinta

Kamfanoni kan fitar da sabuntawa ga manhajar da ke cikin firintar kanta, kuma wasu daga ciki gyaran matsalar Wi-Fi ne. Shawara ce da ake yawan bayarwa, amma a nan tana da sharuɗɗa biyu. Kada a soma ta sai a kan wutar da aka tabbatar ba za ta yanke ba, domin yankewa a tsakiya na iya kashe firintar har abada. Sannan mai amfani da katirij ɗin da ba na kamfani ba, ko wanda ake yi wa ɗuri a kasuwa, ya sani cewa sabuntawar wasu kamfanoni na iya sa firinta ta ƙi karɓar irin wannan katirij. HP ma ya bayyana hakan a fili game da tsarinsa na tsaron katirij. Saboda haka wannan mataki ya fi dacewa a ƙarshe, bayan an gwada na adireshi da zango da wuri. Kafin shi ma akwai mayar da saitin sadarwar firintar yadda ya zo daga kamfani a sake haɗawa daga farko, wanda ba ya taɓa komai sai Wi-Fi.

Hanyoyin da ba sa bi ta rauta

Firintoci da yawa na da Wi-Fi nasu na kansu, mai suna Wi-Fi Direct, wanda sunansa ke farawa da "DIRECT-". Waya na iya haɗuwa da shi ta buga ko babu rauta a gidan. Yana fitar da mutum kunya ranar gaggawa. Sai dai a canza kalmar sirrinsa, domin wadda ke zuwa da wasu samfurorin 12345678 ce, kuma a filaza duk wanda ke kusa zai iya ƙarar wa mutum da tawada.

Idan firintar na da ramin kebul ɗin sadarwa irin na ofis, haɗa ta da rauta da kebul ya fi komai kwanciyar hankali. Kebul ɗin na iya kai mita 100, wayoyi da kwamfutoci kuma za su ci gaba da tura mata aiki ta Wi-Fi kamar da. A mafi yawan firintoci, jona wannan kebul na kashe Wi-Fi ɗinsu da kansa, kuma adireshin MAC na kebul daban yake da na Wi-Fi, don haka sai an sake keɓe adireshi. Kebul ɗin USB kuwa na kwamfuta ɗaya ne, kuma bai kamata ya wuce mita 5 ba.

Lalacewar kayan Wi-Fi na cikin firinta tana faruwa, musamman bayan wuta ta zo da ƙarfi ko an yi tsawa, amma tana da alamunta. Firintar ba za ta ga sunan Wi-Fi ko ɗaya ba ko da an ajiye ta gefen rauta, Wi-Fi Direct ɗinta ba zai bayyana a waya ba, rahoton gwajinta kuma zai nuna rediyon ciki ya gaza. Kafin a biya kuɗin canza wani abu a cikinta, mai firinta na da haƙƙin neman mai gyara ya haɗa ta da wani Wi-Fi na zangon 2.4 a gabansa, ya fitar da shafin rahoton. Idan ta samu adireshi mai farawa da 192.168 a shagon, kayan cikinta lafiya suke. Idan kuma ta tabbata sun lalace, firintar za ta ci gaba da bugawa ta USB, kuma wasu rautocin na da ramin USB da ake jona firinta a ciki su raba ta ga kwamfutocin gida.